Me yasa gwajin ƙoda yake yaudara a jikin tsoho tukuf?

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau maganar ƙodar tsofaffi zamu yi, irin waɗanda suka haura 80 ɗin nan, saboda akwai wani abu da yake damuna sosai, za'a kai tsohuwa asibiti a ɗebi jini, sakamako ya fito ace ai ƙodarta lafiya lau, alhali ƙodar ko rabin aikinta bata yi.

To ya akai haka? Abin da ake aunawa a jinin sunansa kiratinin, wani datti ne da tsokar jiki take fitarwa kullum, ƙoda kuma ta tace shi ya fita ta fitsari. In ƙoda ta gaza sai ya taru a jini. Matsalar kenan fa, daga tsoka yake zuwa, shi kuma tsoho ya zabge, naman jikin ya tafi, balle wanda ya daɗe a kwance, dattin da yake fitarwa kaɗan ne, dan haka ko ƙodar ta gaji lambar sai ta zauna daidai kamar ba komai.

Bari mu buga lissafi ku gani. Akwai tsohon lissafin kimanta aikin ƙoda da wasu likitoci biyu, Cockcroft da Gault, suka fitar a Kanada a 1976, ka cire shekarun mutum daga 140, ka ninka da nauyinsa a kilo, ka raba da 72 sau kiratinin ɗin, in mace ce ka ƙara ninkawa da 0.85. Saurayi ɗan shekara 30 mai kilo 70, kiratinin 1.0, zai baka wajen mililita 107 a minti ɗaya, wato yawan jinin da ƙodarsa take tacewa kenan. Yanzu ɗauko tsohuwa mai shekara 88, kilo 45, ita ma kiratinin 1.0 ɗin dai. Wajen 28 zaka samu! Lamba ɗaya a takarda amma ƙodar saurayin da ta tsohuwar ko kusa basu haɗa hanya ba.

Wani abin kuma, yawancin lab yanzu da lissafin CKD-EPI suke aiki, wanda ya fito a 2009 aka sabunta shi a 2021, shi baya tambayar nauyi kwata-kwata, in ka saka wannan tsohuwar a ciki zai baka sama da 50. Tsohuwa ɗaya, jini ɗaya, wannan yace 28 wancan yace 50 da wani abu. Kuma gaskiya waɗannan lissafai ba'a gina su da tsofaffi tukuf masu yawa ba, shi yasa masu bincike a Berlin ta Jamus suka fitar da nasu a 2012, BIS1 da BIS2, daga mutanen da suka kai 70 zuwa sama kaɗai.

BIS2 ɗin yana haɗawa da wani gwajin, sistatin C, shi babu ruwansa sosai da yawan tsoka, dan haka ga tsohon da ya rame yafi faɗin gaskiya. Amma shi ma ciwon maƙoƙo da magungunan sitiroyid suna iya karkatar dashi.

Inda abin yake zama haɗari shine wajen magani. Metformin na ciwon suga ba'a bada shi in aikin ƙoda ya sauka ƙasa da 30. Digoxin na zuciya, allurar gentamicin, da wasu magungunan tsinka jini kamar dabigatran, duk ta ƙoda suke fita, in an auna su da lambar da ta zarce gaskiya sai su taru a jiki, tsoho ya fara ruɗewa ko amai ko zubar jini, 'yan uwa kuma suce ai tsufa ne. Wallahi wannan yana bani tausayi.

Sai dai kar kuma a firgita, ƙoda dama tana raguwa a hankali tun daga wajen shekara 40, kuma har yau likitocin ƙoda suna muhawara kan ko iyakar 60, wadda in lambar aikin ƙoda ta sauka ƙasa da ita ake cewa ciwon ƙoda ne, ta dace da ɗan shekara 85, wasunsu suna ganin 45 tafi dacewa. Gwaji ɗaya baya yanke hukunci, sai an maimaita bayan wata 3, a duba fitsari ko furotin yana zuba. In zaku kai Baba ko Inna, ku sa a ɗora su a sikeli a rubuta nauyinsu na ranar, ku tafi da duk magungunan da suke sha har ibuprofen da diclofenac ɗin ciwon gwiwa, dan su ma suna taɓa ƙoda.