Shaidun da Suka Tona Asirin Duwatsu Masu Aman Wuta

Kalli wannan gaɓar teku da ke tsibirin Fur, a ƙasar Denmak. Ka ga waɗannan baƙaƙen layuka da suka ratsa farar ƙasa, kamar zanen saƙi? Kowane layi toka ce da wani dutse ya amayar, iska ta kwaso ta, ta zube a ƙarƙashin ruwa. Sun kai kusan 200.

Shekara miliyan 56 da suka wuce, duniya ta yi wani zazzaɓi. Zafi ya ƙaru da maki 5 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas, kuma sai da aka kwashe fiye da shekara 150,000 kafin ya sauka. A daidai wannan zamani ne tsibirin Girinlan ke rabuwa da Turai, ƙasa na tsagewa, narkakken dutse na malala. To, ai ga ɓarawo a hannu, duwatsu masu aman wuta ne suka jawo zafin, ko? Ba nan gizo ke saƙar ba. Yawancin tokar nan ta Fur bayan zafin ya lafa ta zuba. Ganin mutum kusa da inda aka yi sata bai isa a ɗaure shi ba, sai da shaida.

Shaida ta farko kabon ne. A 1991, James Kennett da Lowell Stott suka binciki lakar wancan zamani da aka haƙo daga ƙasan teku kusa da Antatika. A cikin ɓawon wasu halittu da ba su wuce ƙwayar yashi ba, suka tarar kabon mai nauyi, wato mai lamba 13, ya ragu farat ɗaya, kason marar nauyi mai lamba 12 ya ƙaru. Wato wani sabon kabon ya kwararo cikin iska da ruwa, kuma iskar kabon ita ke riƙe zafi a duniya. Masana da yawa suka ɗora laifin a kan iskar mitan, wata iskar gas mai ɗauke da kabon, da ke daskare a gindin teku, domin kabon ɗinta sakayau ne ƙwarai.

Amma a tuna da mai rini a bakin karofi. Launi ɗaya zai iya samuwa da ɗan baba mai kauri, ko kuma da tsinkakke mai yawa. Kabon ya nuna launin, bai faɗi yawan abin da aka zuba ba.

Nan wani sinadari mai suna boron ya shigo. Idan teku ya sha iskar kabon, ruwansa yakan yi tsami, kuma boron da ke cikin ɓawon halittun nan yana ajiye tarihin tsamin. A 2017, Marcus Gutjahr da abokan aikinsa suka auna shi, lissafi ya nuna kabon da ya shiga ya haura tan biliyan 10,000. Da mitan ce kaɗai mai wannan yawa, da kabon mai nauyi ya ragu fiye da yadda aka gani nesa ba kusa ba. Abin da ya dace da lissafin shi ne tsinkakken baba mai yawa, irin kabon da duwatsu masu aman wuta ke fitarwa. A ganina, wannan ce shaidar da ta fi ƙarfi.

Sai zaiba, ƙarfen nan mai gudana kamar ruwa. Duwatsun nan na huro ta sama, ta yi watanni tana yawo kafin ta sauko ta lafe a laka. A Denmak da Tekun Arewa an ga ta yi tsalle a daidai farkon zafin. Sai dai zaiba shaida ce mai son kwaɗayi: tana manne wa ruɓaɓɓun tsirrai, don haka dole a cire wannan daga lissafi kafin a gaskata ta.

Kada ma a wanke mitan tas. A ƙarƙashin teku daura da ƙasar Norwe, narkakken dutse ya kutsa cikin tsohuwar laka mai maiƙo, ya dafa ta, iskar gas mai ɗauke da mitan ta fasa ƙasa ta fito ta ɗaruruwan ramuka. A 2021 jirgin bincike ya haƙa ɗaya daga cikinsu, a wurin da ake kira Modgunn. Ramin ya fashe ne dab da fara zafin, kuma a ruwa marar zurfi, inda mitan ba ta da wata doguwar tafiya kafin ta isa sararin sama.