Saka manhaja daga waje a wayar Android da ta kulle foldojinta

Assalamu alaikum. Wannan bayani na masu shagon caji da turi ne, daga Dambatta har Gumel. Mutum ya kawo waya ya ce, "Malam, a saka min gem ɗin nan." Ka tura ta Xender, waya ta ce "App not installed", ko kuma ya hau amma da an buɗe sai allo ya yi baƙi ƙirin.

Izini tukuna. Tun Android 8 a 2017, kowace manhaja da nata izinin sakawa. In ta Xender fayil ya shigo, ita za ka ba: Settings, Apps, Special app access, Install unknown apps. A Tecno, Infinix da itel tsarin na ɗan bambanta, don haka ka rubuta "unknown" a wurin bincike na Settings.

Yanzu ga inda aka fi shan wahala. Manyan gem da yawa kashi biyu suke zuwa: APK, wato fayil ɗin da ake saka manhaja da shi, da fayil ɗin OBB, wanda hotuna da sauti ke ciki. Gidan OBB shi ne Android/obb. Daga Android 11 a 2020, Google ta hana manhajoji leƙa kayan juna a Android/data da Android/obb, Android 13 ta ƙara toshe hanyar. Shi ya sa kake buɗe foldar ka gan ta wayam, ko kwafi ya ƙi. Wayar lafiyarta ƙalau.

Kwamfuta ce mafita. Saka APK, amma kada ka buɗe shi. Jona waya da kebul mai ɗaukar data, domin na caji zalla kwamfuta ba za ta gan shi ba. Ja saman allo ƙasa, zaɓi File transfer. Shiga Android, sannan obb, ka buɗe sabuwar folda da ainihin sunan ƙunshin manhajar, wanda yawanci yake farawa da "com". Sunan na nan cikin sunan fayil ɗin OBB, bayan kalmar "main" da lambar siga. Cikin wannan foldar za ka kwafa fayil ɗin OBB. Harafi ɗaya ya kuskure, gem ba zai ga kayansa ba. In fayil ɗin a matse yake cikin zif (zip) ka warware shi, kuma ka duba kada folda ta shige cikin wata mai irin sunanta. Ana yawan yin wannan kuskuren.

In har yanzu ya ƙi hawa, duba ko akwai tsohuwar siga mai sa hannu daban, wato hatimin mai manhajar, a wayar. Sai an cire ta, kuma bayananta za su tafi, ka faɗa wa mai ita. Wayoyi da yawa masu Android Go, wato Android na ƙananan wayoyi, 32-bit ne, ka nemo musu APK mai alamar armeabi-v7a, shi ne na 32-bit. Manhajojin Play Store da yawa kuwa yanzu gutsure-gutsure suke sauka, babban gutsuren mai suna base.apk shi kaɗai ba ya hawa. Android 14 ma tana ƙin manhajar da aka gina wa ƙasa da Android 6.

Wani zai ce a yi rut kawai, wato a buɗe ikon taɓa kowane lungu na wayar. Kar ka soma da wayar mutane. Rut yawanci sai an buɗe bootloader, wato makullin tsarin wayar, buɗe shi kuwa na share komai, manhajojin banki da yawa su daina aiki, alhali gem ba ya buƙatar taɓa foldar system. Kafin ka miƙa waya, buɗe gem ɗin a gabansa, sannan ka koma ka kashe izinin da ka ba Xender.