Jawabin Maraba ga Babban Baƙonmu, Farfesa Masanin Ciwon Hanta, a Maraɗi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Mai girma wakilin Gwamnan Jihar Maraɗi, wakilin Mai Martaba Sarkin Katsinan Maraɗi, likitoci, ungozomai, malamai da ɗalibai, ina gaishe ku baki ɗaya.

Farfesa, ranku shi daɗe, barkanku da zuwa, barkanku da hanya. Wanda ya taso daga Yamai ya ratsa Dosso da Dogon Dutsi da Ƙonni kafin ya iso nan, ya san abin da ake kira tafiya. Mun gode.

Tambaya ɗaya ta sa muka matsa sai kun zo. Sau da yawa muna ganin wa da ƙane, ɗaki guda, awon jini ya nuna dukansu suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Wan yana nan yana noma har furfura. Ƙanen kuwa, bai cika 40 ba sai a kawo shi ciki ya kumbura ya yi tamtsam, idanu rawaya, ƙafa ka danna yatsa ya bar rami. Kafin a kawo shi an sha jiƙon shawara, an kuma zargi sammu. Me ya raba su?

Wani ɓangare mun sani. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa, kusan kashi 90 cikin 100 cutar na zaune masa. Babba kuwa bai kai kashi 5 ba. Amma shekaru kaɗai ba su ƙare zancen, nan ne fanninku na gadon ƙwayoyin halitta ya shigo. A 1995, binciken da aka yi a Gambiya ya nuna masu gadon ƙwayar halitta HLA-DRB1*1302 sun fi iya korar cutar daga jiki. Aikin HLA shi ne ya ɗauki guntun ƙwayar cutar ya miƙa wa sojojin garkuwar jiki su gane ta, kuma ba kowa ya gaji mai miƙawa iri ɗaya ba. A 2009 aka gano irin haka ga nau'in C, a ƙwayar halitta IL28B, kuma samfurin da ke taimaka wa warkewa ya fi ƙaranci ga ƴan Afirka. Alhamdu lillahi, sababbin magungunan nau'in C na mako 12 sun rage wannan damuwa.

Mu kuma muna da namu ƙarin. Maraɗi garin gujiya ne tun kaka da kakanni. Gujiyar da ta sha danshi a rumbu ta yi funfuna tana ɗauke da dafin afalatoksin, wanda ke lalata ƙwayar halitta TP53, mai hana kansa tasowa, a hanta. In ya tarar da nau'in B a jiki, haɗarin kansar hanta yakan ninka sosai.

Ga kokenmu, ranku shi daɗe. Yawancin manyan binciken nan a Asiya da Turai aka yi su, alhali a cikin mutum miliyan 254 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta suna ɗauke da nau'in B a 2022, Afirka na da kaso mai nauyi. Muna so a duba jinin mutanenmu, da yardarsu, kuma ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo su sa hannu a aikin, kar a bar su da ɗibar jini da cika takarda.

Sai dai ina da tsoro ɗaya, zan faɗa a gaban iyayen ƙasa. Kalmar gado tana da nauyi a wurinmu. In aka fahimce ta a karkace, gobe sai a hana wani gida aure. Muna roƙo ku fayyace wa jama'a cewa gado ba hukunci ba ne, kuma allurar rigakafi cikin awa 24 da haihuwa da maganin tenofovir suna da amfani ga kowane gida.

Farfesa, ku sha ruwa tukuna, sannan bismillah, fili naku ne.