Idan Firgici Ya Taso Maka a Cikin Trotro

Assalamu alaikum, 'yan'uwa matasan Zango. Akwai abin da yake samun samari da 'yan mata da yawa, kunya kuma ta hana su faɗa. Mutum na zaune lafiya lau, a trotro daga Nima zuwa Circle ko a aji ana shirin WASSCE, sai zuciyarsa ta kama dukan uku-uku, ƙirji ya ɗaure, zufa ta karyo, hannu na rawa, ya tabbata ajali ne ya zo. Wannan shi ne firgicin farat-ɗaya, kuma likitoci sun san shi sarai.

Jiki ne ya zaci akwai haɗari, ya zubo sinadarin adiranalin cikin jini domin ka gudu ko ka kare kanka. Kamar ƙararrawar mota ce da take kuka alhali babu ɓarawo. Zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya koma sama-sama. Wannan hakin yana fitar da iskar kabon dayokzaid daga jini fiye da kima, shi ya sa kai ke juyawa, yatsu da leɓe su yi tsami. Kai kuma ka ga alamun ka ƙara tsorata, tsoron ya ƙara hura su. Abin yakan kai ƙololuwa cikin minti 10, yawanci ya lafa kafin minti 30. Firgicin kansa ba ya kisa.

To, idan ya taso, ɗan'uwa, kada ka yi ta zuƙar iska da ƙarfi, wannan ne kuskuren da aka fi yi. Ka ɗora hannu a ciki. Ja numfashi ta hanci kana ƙirga 4, cikin ne zai taso, ba ƙirji ba. Fitar da shi ta baki a hankali kana ƙirga 6. Fitarwar ita ce aikin, domin ita ke sa zuciya ta sassauta. Numfashi 6 ke nan a minti ɗaya. Ka yi minti 5 a haka, kuma kada ka sa ran samun sauƙi a numfashin farko. Idan tunani ya ƙi tsayawa, lissafa abu 5 da kake gani, 4 da kake taɓawa, 3 da kunnenka ke ji. Wanda ya saba da zikiri ya haɗa shi da fitar numfashin, yana taimakawa ƙwarai.

Abin da ya fi damun mu shi ne gudu. Ka ce wa kwandasta ya sauke ka, ka ji sanyi, sai ƙwaƙwalwa ta riƙe cewa saukar ce ta cece ka. Gobe ka ƙi shiga trotro, jibi ka ƙi kasuwa, sannu a hankali har sallar Juma'a ta gagara. Idan da hali, zauna inda kake har abin ya wuce. Idan ka riga ka fara ƙauracewa, koma da kaɗan-kaɗan: tasha ɗaya yau tare da aboki, tasha biyu mako mai zuwa.

Duba abin da kake sha. Ataya kofi bayan kofi a majalisa, goro, lemon ƙara kuzari, duk suna da kafeyin da ke tayar da bugun zuciya. Wiwi da taramol suna ƙara dagula lamarin. Rashin barci da zama da yunwa ma haka.

Wasu a gida za su ce aljanu ne ko sammu. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Je ko sau ɗaya a auna ka, domin ƙarancin jini, faɗuwar sukari, asma da ciwon maƙoƙo suna iya kawo irin waɗannan alamu. Idan kuwa ciwon ƙirjin ya bi hannu ko muƙamuƙi, ko ka suma, ko kana da sikila, kada ka jira, a kira 112 ko a wuce asibiti nan take.

Idan abin yana maimaituwa, akwai magani. Asibitocin gundumomi da yawa suna da nas-nas na lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma Pantang, Korle Bu, da Komfo Anokye a Kumasi. Maganin tattaunawa na CBT yana koya maka daina tsoron alamun kansu. Ƙwayoyi irin su fluoxetine kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kama sosai, don haka kada ka yanke su da kanka. Diazepam kuwa kada ka saya a kemis ba tare da takardar likita ba, jiki na saurin sabawa da shi.

Ke kuma 'yar'uwa, ko kai da abokinka ya firgita a gabanka, ku kore taron jama'a, kada a watsa masa ruwa ko a yi ta jijjiga shi. Zauna kusa, yi magana ƙasa-ƙasa, ku ƙirga numfashin tare. Idan ya ambaci cewa ya gaji da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi wurin likita a ranar.