Victoire Rasoamanarivo: Matar da Ta Riƙe Ikilisiya Shekara Uku Babu Fada

Iyayena mata, 'yan'uwa cikin Almasihu, barkanku da zuwa. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Yau zan kai ku tsibirin Madagaska, wurin wata mace mai suna Victoire Rasoamanarivo. Sunan yana da nauyi a baki, don haka Victoire zan riƙa cewa. Ba sista ba ce, ba ta taɓa shiga gidan sistoci da niyyar zama ba. Matar aure ce, 'yar Ikilisiya kamar yawancinmu da ke zaune a nan.

An haife ta a 1848 a Antananarivo, cikin gidan mulki. Kakanta Rainiharo firayim minista ne. A lokacin Sarauniya Ranavalona ta Farko ta haramta Kiristanci, ana kashe mutane saboda shi. Da ta rasu a 1861 ɗanta Radama na Biyu ya buɗe ƙasar, 'yan mishan suka shigo. Yarinyar ta shiga makarantar sistoci, aka yi mata baftisma ranar 1 ga Nuwamba 1863. Shekara ta zagayo aka aurar da ita ga Radriaka, ɗan Rainilaiarivony, mutumin da ya riƙe kujerar firayim minista fiye da shekara 30.

Sai ku ce ai ta huta. Ina! A 1869 sarauniyar lokacin da firayim minista suka karɓi baftisma a ɗariƙar Furotesta, mutanen fadar sarauniya duka suka bi su. Katolika kuwa ana yi mata kallon addinin Faransawa. Dangi suka matsa wa Victoire ta bari, ta ƙi. Ga mijin kuma mashayi, mai neman mata, har surukinta da kansa ya ba ta shawara ta rabu da shi. Nan ma ta ƙi. Bari in tsaya in faɗi wani abu, don na san yadda ake amfani da irin wannan labari. Kada wani ya ɗauke shi ya je yana rufe bakin macen da ake duka a gida da "yi haƙuri kamar Victoire". Ita ta zaɓi zamanta, kuma mace ce mai gata wadda ba wanda ya isa ya wulaƙanta ta a banza. Ba kowace mace ke da wannan gatan ba.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. A 1883 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Madagaska. Gwamnati ta kori Faransawa duka, har da Fada-fada, wato limaman Katolika, da sistoci. Ku yi tunani: babu Misa, babu mai jin furcin zunubi, babu bishop. Mutane da yawa sun ɗauka cewa Katolika ta ƙare a ƙasar. Aka sa masu gadi a ƙofar majami'u. Victoire ta tafi wurin surukinta ta tambaye shi ko akwai dokar da ta hana 'yan Katolika yin sujada, aka tabbatar mata babu, aka buɗe ƙofofi.

Buɗe ƙofa aikin rana ɗaya ne. Abin da ya fi wuya shi ne Lahadi bayan Lahadi har shekara uku. Ta haɗa kai da wata ƙungiyar samarin Katolika da kuma Raphaël Rafiringa, ɗan ƙasa, buroda (namijin da ya keɓe rayuwarsa ga Allah kamar sistoci) mai koyarwa, wanda shi ma ba Fada ba ne. Suka raba aiki. Wasu su tafi ƙauyuka su jagoranci addu'ar Lahadi, wasu su koyar da katikisim, makarantu su ci gaba. Ita kuma ta riƙa kai ziyara, tana sasanta masu rigima, tana kashe dukiyarta. Inda wani hakimi ya takura wa masu bi, sai ta kai maganar sama, domin ƙofar firayim minista a buɗe take gare ta. A ganina wannan ne babban abin da ta yi: darajar gidansu ta mai da ita garkuwar talakawa. Da 'yan mishan suka dawo a 1886, sun tarar da Ikilisiya a tsaye.

Mu a Zumuntar Mata mun san ƙauyukan da Fada ba ya zuwa sai jefi-jefi, katikis da mata ne ke riƙe da su. To, irin wannan ne, amma na ƙasa guda.

Mijinta ya yi mummunar faɗuwa a 1888. Kafin ya cika ya nemi baftisma, ita ta yi masa da hannunta. Ba su haihu ba. Sauran shekarunta shida ta ƙarar da su wajen kutare da fursunoni da matalauta, har ta rasu ranar 21 ga Agusta 1894.

Yaya Ikilisiya ta karrama ta? Akwai karramawa ta masu rai, kamar lambar Pro Ecclesia et Pontifice da Fafaroma Leo na 13 ya kafa a 1888, wadda bishop ke nema wa wanda ya daɗe yana hidima. Tata hanyar daban ce, kuma doguwa. Ana binciken rayuwar mutum, a tattara shaidu, a aika Roma, sannan a nemi mu'ujiza da aka samu ta wurin roƙonsa. Shekara 95 bayan rasuwarta, ranar 30 ga Afrilu 1989, Fafaroma John Paul na Biyu ya zo Antananarivo da kansa ya ayyana ta Mai Albarka a gaban mutanen ƙasarta. Raphaël Rafiringa ya samu irin wannan matsayi a 2009. Kabarinta yana unguwar Andohalo kusa da babbar majami'a, mutane na zuwa addu'a, kuma ana tunawa da ita kowace 21 ga Agusta. Mataki ɗaya ya rage a kira ta waliyiya, shi ma sai an tabbatar da wata mu'ujizar.

Na ga mama a can gefe tana ɗaga hannu tun ɗazu. A miƙa mata makirufo.