Amsoshin tambayoyinku: rigimar Amurka kan wa zai biya kuɗin maganin tazarar haihuwa

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Yau saƙonni sun yi tsibi a gabana, kuma yawancinsu kan abu ɗaya suke, wato cacar bakin nan da 'yan siyasar Amurka suka daɗe suna yi kan ko ya dace a ɗebi kuɗin jama'a a biya wa mata maganin hana ɗaukar ciki. Ina tare da Likita, wadda aikinta kenan duba mata, sai kuma Farfesa, masanin siyasar Amurka. Lokacinmu kaɗan ne, wanda ya ji na ba tambayarsa jimla ɗaya tak toh ya yi haƙuri.

Ta farko, wani bawan Allah yana tambaya wai da gaske ne an haramta maganin a Amurka? A'a malam, ba a haramta ba. Tun 1965 Kotun Ƙoli ta ce ma'aurata suna da 'yanci, a 1972 ta haɗa har da marasa aure. Hukuncin 2022 da ka ji ana ta surutu a kai na zubar da ciki ne.

Wata 'yar uwa kuma ta cika shafi guda da gaisuwa, ta gaida ni ta gaida injiniya har da mai gadi, sai a layin ƙarshe ta ce yaushe aka fara ƙwayar hana ɗaukar ciki? 1960 aka amince da ita a Amurka. Mun amsa gaisuwa Hajiya, amma don Allah gaba a fara da tambayar.

Toh ga wadda mutane da yawa suka aiko, kowa da irin lafazinsa, zan karanta mafi zafi a ciki. Ya ce: "Ta yaya za a tilasta wa mutum mai tsoron Allah ya biya haraji, sannan a ɗauki kuɗin a saya wa 'yan iska abin da za su ci gaba da iskancinsu? Mai son shagali ai sai ya biya da aljihunsa." Farfesa ranka ya daɗe, bismillah.

Farfesa: Toh ai wannan magana in ana so a gane ta sai an koma 1873, lokacin da majalisa ta yi dokar da ake kira Comstock, sunan wani mutum ne mai tsananin ra'ayin gyaran tarbiyya, dokar ta sa aika maganin hana ciki ta gidan waya, kai ko takardar bayaninsa ma, ya zama laifi, an jera shi sahu ɗaya da hotunan batsa, kuma shi wannan mutum har muƙami aka ba shi a gidan waya yana binciken saƙonnin mutane, wanda in ka duba yanayin birane a wancan zamanin...

Mai gabatarwa: Farfesa, a gafarce ni, in muka taso daga 1873 sai an rufe tashar nan ba mu iso ba. Kuɗin wa ake kashewa?

Farfesa: Haka ne. Toh, tukunya uku ce, kuma mutane suna cakuɗa su. Ta farko kuɗin haraji ne kai tsaye. Akwai shirin da ake kira Title X, an kafa shi a 1970 don asibitocin da ke duba masu ƙaramin ƙarfi, shekaru da dama kasonsa yana wajen dala miliyan 286 a shekara, sai kuma Medicaid, inshorar talakawa ta gwamnati. Abin da zai ba mai tambaya mamaki, shugaban ƙasa Richard Nixon ne ya sa wa dokar hannu, ɗan Rifablikan, kuma George Bush babba yana cikin 'yan majalisar da suka tsaya mata. Wato jam'iyyar da yau aka fi jin ƙorafin daga cikinta, da hannunta aka dasa abin.

Ta biyu inshorar wurin aiki ce. Dokar lafiya ta Obama ta 2010 ita ta jawo ƙa'idar cewa inshora ta biya maganin ba tare da an ce mace ta cika ko sisi ba, aka fara aiki da ita a 2012. Wannan kuɗin kamfani ne da na ma'aikaci, bai fito daga baitulmali ba. A nan ne Cocin Katolika ta tada ƙayar baya, don tun 1968 Fafaroma Paul na shida ya jaddada cewa cocin ba ta yarda da waɗannan hanyoyin ba, suka ce ya za a sa jami'o'inmu da asibitocinmu su sayi abin da muke wa'azi a kansa. Wani kamfani mai suna Hobby Lobby, na wasu iyali Kiristoci, shi ma ya kai ƙara, ya ci nasara a Kotun Ƙoli a 2014, alƙalai 5 suka goyi bayansa 4 suka ƙi.

Ta uku kuma tallafin da Amurka ke bai wa ƙungiyoyi a ƙasashen waje. Shugaba Reagan ya kafa sharaɗi a 1984 cewa duk ƙungiyar da ke harkar zubar da ciki ko da da kuɗinta ne ba za ta samu ba. Clinton ya cire a 1993, Bush ƙarami ya mayar a 2001, Obama ya cire a 2009, Trump ya mayar a 2017, Biden ya cire a 2021, Trump ya sake mayarwa a 2025. Kamar wasan 'yar ɓuya.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don wanda yara suka dame shi bai ji ba. Tukunya uku. Haraji, inshorar wurin aiki, da tallafin waje. Babbar rigimar da ta kai kotu a kan ta biyu aka yi ta, ta inshora, wadda ba kuɗin haraji ba ce. Na sake faɗa, ta inshora. Toh malam mai tambaya, ka ga rabin fushinka ya sauka a gidan da ba shi ba.

Amma saura rabin, kuma shi ne mai nauyi, maganar tarbiyya. Likita ranki ya daɗe, in aka ba da abu kyauta, ba a buɗe ƙofar lalata ba kuwa?

Likita: Ni dai abin da zan fara cewa, ƙwayar nan kullum ake shan ta, guda ɗaya, a lokaci ɗaya. Matar da mijinta ya yi tafiyar wata uku da wadda nata yake gida, fakiti ɗaya za su shanye a wata. Ba a ƙara yawanta don an ƙara kwanciya. Sannan ba duk mai shan ta ce ke gudun ciki ba. Ina rubuta ta ga mace mai zubar jini da yawa lokacin al'ada har ta yi fari fat, ina rubuta ta ga mai ciwon mara da ke hana ta tashi, da mai ƙurajen ƙwan mahaifa. Akwai kuma wadda aka yi wa tiyata aka ciro jariri, ɗinkin bai gama warkewa ba, in ta sake ɗauka da wuri mahaifar na iya fashewa, wannan in ta zauna a gabana da jaririnta a kafaɗa tana tambaya allura ko ashanar nan da ake sakawa a ƙarƙashin fatar hannu, wallahi ba shagali ne a ranta ba, barci take nema.

A jihar Kolorado daga 2009 aka riƙa saka wa 'yan mata da mata masu ƙaramin ƙarfi robar mahaifa da ashana kyauta, cikin 'yan shekaru haihuwa tsakanin 'yan mata ƙanana ta ragu kusan rabi, zubar da ciki a tsakaninsu shi ma haka.

Mai gabatarwa: Likita kin kewaye ni fa. Cikin ya ragu mun ji. Shi mai tambaya halin yake tambaya, halin ya ƙaru ko bai ƙaru ba?

Likita: Toh, a birnin St. Louis an ba wa mata sama da 9,000 maganin kyauta aka riƙa bibiyarsu, mafi yawansu ba su ƙara yawan mazan da suke tarayya da su ba. Iyakar abin da zan iya ce maka kenan, ni ba na leƙa zuciya.

Mai gabatarwa: Madalla. Ni kuma bari in sa baki, ra'ayina ne, kada a ɗora wa tasha. Mai tambaya yana da hujja a wuri ɗaya: mutum ya ce imanina bai yarda in sa hannuna a wannan ba, wannan magana ce da ya kamata a saurara, kuma kotu ma ta saurara. Sai dai haraji ba a zaɓar masa hanya. Wanda bai yarda da yaƙi ba da kuɗinsa ake sayen harsashi, wanda bai taɓa kusantar sigari ba da kuɗinsa ake jinyar mai huhun da ya ƙone. In kowa zai cire kasonsa daga abin da ya ƙi, asusun ba zai kai azahar ba.

Inda na ƙi ka malam shi ne kalmar 'yan iska. Ka ji dai matan da Likita ta lissafa. Kuma an taɓa yin irin wannan a can. A 2012 wata ɗalibar koyon lauya a Jami'ar Georgetown, Sandra Fluke, ta yi bayani gaban wasu 'yan majalisa, har ta kawo labarin ƙawarta da ke buƙatar ƙwayar saboda ciwo, ba ta samu ba, ta rasa ƙwan mahaifa ɗaya. Sai wani shahararren mai shirin rediyo, Rush Limbaugh, abokin sana'ata kenan abin kunya, ya hau iska ya kira ta karuwa, wai so take a biya ta kuɗin kwanciya. Masu talla suka fara janyewa, ya fito ya ba da haƙuri, Obama ya kira ta a waya. Makonni aka yi ana maganar zagin, maganar wa zai biya kuwa aka bar ta a ƙasa. Toh don Allah in za ku rubuto, ku kawo hujja, ku bar mutuncin matan mutane.

Farfesa: In ƙara da cewa shi Limbaugh ɗin ma ya cakuɗa tukwanen, don ita kan inshorar ɗalibai take magana, shi kuma yana ta ihun masu biyan haraji, kuma wannan ya tuna mini da wani abu a zamanin Reagan...

Mai gabatarwa: Farfesa, injiniya yana nuna mini agogo. A ajiye mana Reagan sai wani makon.

Da sauri. Wani ya ce da kuɗin gwamnatin tarayya ake zubar da ciki a Amurka? Tun 1976 akwai ƙa'idar Hyde da ta hana, a yanzu sai in fyaɗe ne, ko ciki daga muharrami, ko ran uwa na cikin haɗari.

Wata ta ce sauran ƙasashen Turawa ma haka suke faɗa? Ba kamar Amurka ba. Birtaniya kyauta take bayarwa tun 1974, Faransa ta mai da shi kyauta ga mata har zuwa shekara 25 daga 2022.

Wani matashi kuma ya rubuto wai abokinsa ne ke son sanin wace hanya ta fi inganci. Toh ka gaida mana abokin naka, ka ce masa shi da matarsa su je asibiti a duba ta, ba a rubuta magani ta rediyo.

Sai masu tambayar hukuncin addini, kun fi goma, na ga saƙonninku, na miƙa su ga filin malamai, ni ba zan yi fatawa da hular aro ba. Likita, Farfesa, mun gode ƙwarai. Waɗanda ba mu kai ga nasu ba suna nan a ajiye, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.