Rahoton ƙarshen shekara na kamfanin gidaje na iyali: me lambobin ke cewa?

Shekara na ƙarewa, kamfanonin dillancin gidaje kan fito da rahoto mai sheƙi. A sama za ka ga biliyoyin cinikin da aka yi, can ƙasa kuma hoton masu kamfanin suna miƙa wa asibitin yara wani ƙaton cek. Yau za mu warware wannan takarda, musamman idan kamfanin na iyali ɗaya ne.

Mu fara da babbar lambar nan ta sama. Kuɗin ba na kamfanin ba ne. Jimillar farashin gidajen da suka bi ta hannunsa ce, shi kuwa dillali la'ada yake ci. A Amurka an daɗe ana biyan kashi 5 zuwa 6 cikin 100 na farashin gida. A ce an sayar da gida dala 400,000, la'ada kashi 5, ka ga dala 20,000 ke nan. Dillalan ɓangaren mai saye da na mai sayarwa su raba. Daga rabin nan wakilin da ya yi ta zirga-zirgar nuna gida ya ɗauki nasa, galibi ma shi ke da kaso mafi tsoka. Abin da ya rage shi ke shiga aljihun kamfani, kuma daga ciki za a biya hayar ofis da albashi da talla.

Ga wani abin lura. Idan gidaje suka yi tsada, jimillar ciniki na iya hawa ko da kamfanin ya sayar da gidaje ƙasa da na bara. Don haka nemi adadin gidajen da aka sayar, ka kwatanta da na bara. Idan aka cika baki da biliyoyi amma aka yi shiru kan adadi, da walakin.

To, me ya bambanta kamfanin iyali? Ba shi da dubban masu hannun jari da ke jiran riba duk bayan wata uku. A Amurka ma doka ba ta tilasta masa buga asusunsa ga jama'a yadda take tilasta wa kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ba, saboda haka abin da ya ga dama shi yake nunawa. Amma wannan 'yanci yana ba shi dogon numfashi. Dubi gidan Grosvenor na Ingila. A 1677 Sir Thomas Grosvenor ya auri Mary Davies, wadda ta gaji wasu filaye a bayan garin Landan. Filayen nan su ne Mayfair da Belgravia na yau, unguwanni masu tsada a tsakiyar Landan, kuma babban ɓangarensu na hannun zuri'ar har gobe. Mai lissafi da jikoki ba ya gaggawar sayar da fili don shekara ɗaya ta yi masa kyau a takarda.

Yanzu batun kyauta, inda aka fi ruɗewa. Kuɗin da ka ga an rubuta "mun bayar" kan fito ne daga aljihu uku. Akwai na iyalin ko na kamfanin kansa. Akwai na wakilai, waɗanda kan cire wani abu daga la'adarsu duk cinikin da ya faɗa. Akwai kuma na jama'ar gari, da aka tara a liyafa ko gwanjon neman taimako. Kamfanin Howard Hanna, wanda mata da miji suka kafa a birnin Pittsburgh na Amurka a 1957, ya yi suna wajen tara wa asibitocin yara kuɗin jinyar marasa ƙarfi, kuma ma'aikata da wakilansa na da hannu sosai a tarawar. Duka alheri ne. Sai dai "mun tara" daban, "mun bayar daga namu" daban, kuma rahoto mai gaskiya yakan raba su.

Iyalai da yawa kan kafa gidauniya. Ta gidan Grosvenor ita ce Westminster Foundation, wadda aka kafa a 1974. A Amurka doka ta ce irin wannan gidauniya ta kashe kusan kashi 5 cikin 100 na dukiyarta a kan ayyukan jinƙai kowace shekara, ta kuma cike takardar haraji mai suna 990-PF, wadda kowa zai iya dubawa a intanet. A nan ne za ka ga wa aka ba, nawa aka ba shi, da nawa aka biya masu kula da gidauniyar, ko da 'yan gida ne.

Wani zai ce ai don ragin haraji suke yi. Ragin yana nan, amma bai kai abin da aka bayar ba, mai kyauta dai da gibi yake tashi. Ribar da ta fi wannan ita ce suna. Mutum ba kullum yake sayen gida ba, in ya tashi kuwa sunan da ya saba ji da alheri shi yake kira, kuma a kamfanin iyali sunan da ke jikin allon ofis shi ne sunan da 'ya'yansu ke amsawa a makaranta.